Ƙafar da ta Rage wa Bukar

Ina tsugune ina wanke wa wata tsohuwa gyambo a ƙauri, ran Laraba da hantsi, sai wani mai jaki ya tsaya a bakin rumfarmu ya yi sallama. Shinkafa ya kawo kasuwa daga Zabarmari. Ya tambayi wanda ake ce wa Malam Habu, na ce ga ni. Ya ce Ba Kyari ya rasu jiya bayan Azahar, an kai shi kafin Magariba.

Na ce Allah ya ji ƙansa. Na ƙarasa wanke gyambon, na sa auduga, na ɗaure. Ba a barin ƙafa a buɗe a tashi, Ba Kyari ne ya koya mini haka.

Mai jakin bai tafi ba. Ya ce akwai saƙo na biyu, daga Bukar.

"Ya ce in faɗa yadda ya faɗa, kar in gyara masa. Wai a gaya wa Afunon nan kurkunu ya fito mini a idon sawun dama. Ba Kyari ya naɗe rabi, ya tafi ya bar ni da rabi. In ya ga dama ya zo ya ƙarasa, tunda shi ya fara."

Ku samarin nan uku da na bar wa rumfar, kuna wurin, kun yi dariya tare da mutanen layi. Ban ga laifinku ba, ba ku san Bukar ba. Ƙafa ɗaya gare shi mai lafiya, ta dama. Ta hagu ba ta lanƙwasuwa, kuma hannuna ne ya mai da ita haka. In ta daman nan ta lalace, mutumin ya zauna ke nan har ƙarshen ransa. Da nake ɗaure kayana a bayan keke, ɗaya daga cikinku ya ce, "Malam, kurkunu ne fa kawai. Ba tsinke ba ne da zare?" Na hau kekena na kama hanya. Yanzu ina Zabarmari, aikin nan kuwa yawancinsa jira ne, shi ya sa na sami sararin rubuto muku amsa.

Ina da shekara ashirin da huɗu na shiga aikin ɗakin shan magani. Ubana tela ne, Bakano, a unguwar Hausari ta Yerwa muke zaune, kuma ya gwada ni a ɗinki ya ga asarar yadi ta yi yawa. Na ɗan yi elementare, ina karanta boko, ina tsintar Turanci kaɗan kaɗan, sai aka ɗauke ni in riƙa rubuta sunayen marasa lafiya ina yi wa likita tafinta. A nan na tarar da Ba Kyari. Babarbare ne gajere mai faɗin kafaɗa, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma duk wani gyambo da kurkunu da ke Yerwa ta hannunsa yake bi. Wata uku bai bar ni na taɓa ƙafar mutum ba. Wanke daro, tafasa almakashi da hantsaki, yaga bandeji, fiƙe sille. Na kan ce a raina, ni da na iya karatu.

Kurkunun farko da aka naɗa a gabana na wani mai tallan ruwa ne daga Gwange. Ba Kyari ya zaunar da shi a kan kifaffen turmi, ya tsoma ƙafar cikin daron ruwan sanyi, ya koma gefe yana cin goro. Na tsaya da auduga a hannu ina jiran a fara aiki. Ashe an fara. Kurkunu ruwa yake so. In ya ji sanyinsa sai ya zubo wani farin ruwa kamar tsinkakken nono, jikinsa ya saki, ya leƙo. Sai da aka ɗauki kamar tsawon sallar Azahar da nafilarta, sannan Ba Kyari ya ɗaga ƙafar ya aza a cinyarsa. Kan abin ya fito fari fat, kaurin zaren abawa. Ya shafa man gyaɗa, ya riƙa murza naman da babban yatsa daga sama zuwa bakin ciwon, ya kama kan da sillen kara, ya juya sau ɗaya. Ya juya na biyu. A na uku ya tsaya.

Na ce, "Ba, me ya sa ka tsaya? Ga shi yana zuwa."

Ya ce, "Alhaji ya ce ya gaji."

Haka yake kiran kowane kurkunu. Wai farin kaya gare shi, kuma sai ya shekara a hanya kafin a gan shi, kamar mutanenmu masu tafiya Makka a ƙasa. Yana naɗi yana yi masa magana: "Sannu da hanya, Alhaji. Taka a hankali, ba mai korar ka." Mai ciwon ya kan manta da zafi don dariya.

Ya ce in kawo yatsana, ya aza shi a kan sillen. Na ji wani ɗan ja da baya, ƙanƙane, kamar ƙaramin kifi ya taɓa fatsa. Ya ce in na ji wannan, aikin yau ya ƙare, ko da faɗin yatsa ɗaya aka samu. A ɗaure sillen a jikin ƙafa, a rufe, gobe a dawo. Wani kwana goma yake yi kafin ya fita, wani wata guda. In ya fita, abin da za ka fara dubawa wutsiya ce. Tana da ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya. In ba ka gan ta ba, to saura yana ciki, kuma wanda ya tsinke a ciki dafi yake zama.

Sillen ma ba kowanne ba ne. Tsinken ashana yana karyewa cikin dare in mutum ya juya, ƙaya tana huda abin, kara ɗanye yana ruɓewa. Busasshen sillen dawa muke nema, tsawon ɗan yatsa, a tsaga bakinsa kaɗan, a goge shi da yashi har ya yi santsi. Har yau in na ga an zubar da kara mai kyau sai na sunkuya na duba.

Mutanen da ke zuwa mana kuwa, Allah ya yi su iri iri. Matan Shuwa masu tallan nono su kan aje ƙwarya a gefe, ana naɗi suna ciniki da 'yan layi. Na ga ƙaton soja ya suma don ya kalli ƙafarsa. Wani malami ya ce ba za a taɓa shi ba sai an zuba rubutunsa cikin daron, Ba Kyari ya ce, "Zuba, Malam, Alhaji ba ya ƙin ruwa." Wanda ya fita cikakke mu kan rataye shi a wani kara a jikin rumfa a auna, sai ka ji mutanen Bolori da na Gwange suna gardamar na wa ya fi tsawo, kamar wasu masu gasar raguna.

Likitan da ke duba mu a lokacin wani dogon Bature ne, muna ce masa Mai Lofe. Sau biyu a mako yake zuwa rumfar. Yana da wata kalma da ba ta barin bakinsa, aggravate. Ranar da na fara jin ta, wani mutum ne ya zo da ƙuna a dantse ya lafta mata kashin shanu. Mai Lofe ya cire lofen daga baki ya faɗi kalmar. Na juya na ce wa mutumin, "Likita ya ce ka ɓata hannunka."

Ba Kyari ya ce daga inda yake zaune, "Ba haka ya ce ba."

Na ce, "Ba, ni fa nake jin Turanci."

Ya ce, "Kai kana ji, ni kuma shekara goma ina kallon lokacin da yake faɗar ta. Bai taɓa faɗar ta a kan lafiyayyen abu ba. Wuta ce ta ɓata hannun nan. Shi ƙari ya yi. Ciwo ya zo da nauyinsa, wani ya ɗora masa wani nauyin. Wannan shi ne agirabe."

Haka harshensa ya iya faɗar ta, haka kuma duk muka riƙe ta. Na tambayi Mai Lofe daga baya, ya ce tsohon ya fi ni gaskiya. Ya nuna mini wani jaki da aka yi wa lodin itace yana nishi, ya ce in na ɗauki dutse na ƙara masa, to na yi abin da kalmar ke nufi. Ba ni na ɗora itacen ba, amma dutsen nawa ne. Daga nan na koyi zaɓar magana in ina tafinta. In miki ne, sai in ce kar ka fama shi. In zazzaɓi ne ko tari, in ce sanyi zai tsananta shi. In rigima ce, in ce kar ka ƙara dagula ta, don shi likitan har a kan faɗa yana amfani da ita. Ran da wasu mata biyu suka yi cacar baki a kan layi, mai gadi ya shiga rabo da sanda, abin ya zama na unguwa biyu, kalmar ya jefa wa mai gadin. Tsakaninmu kuwa agirabe ce kawai. Har ta fita waje. Na taɓa jin mai tuwon bakin kasuwa tana yi wa ƙanwarta faɗa, wai miya ta yi gishiri ta zo ta ƙara mata kanwa ta yi agirabe.

Shekarar wahala ta zo ina da shekara uku a aikin. An yi ruwa mai yawa a daminar da ta gabata, kududdufai ko'ina, mutane suka sha. Da wata daminar ta zagayo sai kurkunu ya kwantar da ƙauyuka daidai lokacin noma. Gida guda ka tarar da mutum biyar ba mai iya tsayuwa. Ciyawa ta cinye gonaki. Layinmu ya fita daga rumfa ya wuce gindin tsamiya. Bandeji ya ƙare, muka koma karɓar tsofaffin rawuna a gari muna tafasawa muna yagawa. Ba Kyari ya ce bai taɓa zaton zai naɗa wa ƙafa rawani ba. A shekarar ne ya sake mini sille, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya yi kyau. Mutane suka fara cewa ɗan telan nan ya fi tsohon sauri. Na ji, kuma ya yi mini daɗi.

Bukar ya zo mana wajen ƙarshen daminar. Mai kora shanu ne, dogo, baƙi, bakinsa ba ya hutawa. Dillalai su kan ba shi garke ya kai Nguru a ƙasa, inda jirgin ƙasa bai daɗe da isowa ba. Nasa ya fito a gefen gwiwar hagu, wuri mafi muni, kusa da gaɓa. Tun daga bakin rumfa yake shela.

"Wushe, Ba Kyari! Ku duba mini ƙafar nan da ladabi. Ta je Kano sau tara, ba ta taɓa hawa jaki ba."

Ba Kyari ya yi mako biyu yana naɗa masa, an sami fiye da kamu guda. Garken Bukar kuwa ran Litinin zai tashi. Ran Lahadi ana sunan jikan Ba Kyari, ya bar mini rumfar ni kaɗai. Na tsoma ƙafar Bukar a ruwa, na shafa mai, na juya sau biyu. A na uku na ji ja da bayan nan sarai. Na miƙa hannu zan ɗauki bandeji.

Ya ce, "Shi ke nan? Afuno, an ce ubanka tela ne. Zare ɗaya ya gagare ka zarewa?"

Aka yi dariya. Afuno shi ne yadda Barebari ke kiran Bahaushe, ban damu da wannan ba. Zancen telan ne ya shige ni.

Na ce, "Gobe ka dawo."

"Gobe ina bayan shanu. Saura fa ɗan kaɗan, ina jin wutsiyarsa tana mini susa. Ku jama'a, wannan ne aka ce ya fi tsohon? Ja mana, ɗan tela!"

Na juya na huɗu, ya zo. Na biyar, ya zo. Na ce a raina ashe tsoron tsufa ne kawai ke damun Ba Kyari. A na shida ban ji ƙara ba, ban ji komai ba. Sillen ne kawai ya yi sakayau a hannuna.

Bukar ya miƙe tsaye yana ihu, "Ya fita! Afuno ya yi abin kai!" Mutanen layi suna ta sa mini albarka. Na duba ƙarshen abin. Babu ƙugiya. Na gani da idona, na kuma san ma'anarsa. Na ɗaure masa gwiwa, na rataye abin a kara, ban ce komai ba.

Da safe Ba Kyari ya shigo, ko zama bai yi ba ya nufi karan. Ya ɗaga ƙarshen da tsinke, ya dube shi, ya dube ni.

"Na wane ne?"

"Na Bukar."

"Ina Bukar?"

"Sun tashi tun asuba."

Ya fita ya ari doki wurin wani maƙwabcinsa ya bi hanyar shanu. Kwana uku sai ga shi da Bukar kwance a kan takarkari, gwiwar ta yi kamar ƙwarya, fata tana ƙyalli, jikinsa zafi kamar garwashi. Yini biyu Bukar ya yi yana tafiya a kan ƙafar kafin ya faɗi.

Mai Lofe ya zo ya duba, ya tambaya wane ne ya yi wannan aikin. Ni ne tafinta, don haka ni na juya tambayar. Ba Kyari ya ce, "Ka ce masa mu ne." Na juya na gaya wa likita tsohon ya ce mu ne, amma ni ne, shi yana wurin suna. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tura mini littafin marasa lafiya, ya ce in rubuta a gaban sunan Bukar cewa ma'aikaci ne ya tsananta ciwon. Da Turanci ake rubuta littafin. Wannan ne karo na farko da na rubuta kalmar nan da hannuna, kuma a kaina na rubuta ta. Ya ce in kumburin bai sauka ba cikin mako guda, zai yanke ƙafar daga cinya.

Da ya tafi, Ba Kyari ya ce in ɗora ruwa a wuta. Ina hura wutar ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Juyi na shida laifin hannu ne. Ni ma na taɓa tsinkewa, ba sau ɗaya ba. Da ka faɗa a take, da mun kwantar da shi mun gasa wurin, kwana goma ya tashi. Shirun da ka yi, shi ne agirabe."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, a duk shekarun da muka yi tare.

Wata biyu muka yi a kan gwiwar nan. Gashi da ruwan zafi safe da yamma, a tsaga, a matse, a wanke, a sa tsumma ya tsotse. Ni nake yi, Ba Kyari yana bayana da goronsa. Bukar kuwa ko a cikin zazzaɓi bai bar ni na huta ba. Da ya ji ma'anar kalmar sai ya raɗa mini ita. "Malam Agirabe ya iso! Ku ɓoye ƙafafunku!" Ran kwana shida kumburin ya fara sauka, ba a yanke ba. Amma gaɓar ta ƙage. Ranar da ya tashi a kan sanda ya ce mini, "Afuno, ka ci ɗaya. Ɗayar na tafi da ita, ba za ka ƙara ganin ta ba." Ya rantse ba zai sake shiga inuwar rumfarmu ba. Kora shanu ta ƙare masa. Ya koma Zabarmari wurin dangin matarsa Ya Kaltume, ya kama noman shinkafa, yana jan ƙafa cikin laka.

Rantsuwar ya riƙe ta, amma bai daina zuwa ba. Duk kaka sai ya zo kasuwa a kan jaki, ya tsaya a rana daidai inda inuwar rumfa ta ƙare, ya ƙwala wa Ba Kyari kira ya ba shi shinkafa a buhu. Ni kuma ya jefo mini ƙunshi ya ce ga rabon Malam Agirabe. In na kwance, ƙaiƙayi ne. Shekara huɗu ina karɓar ƙaiƙayi ina godiya. A ta biyar na ji ƙunshin da nauyi, na tona, ashe shinkafa ce a ƙasa. Na ɗaga kai zan yi magana ya ce, "Kuskuren Kaltume ne, kar ka saba." Da Ba Kyari ya tsufa ya bar aiki, Bukar ne ya zo ya ɗauke shi, ya ba shi ɗaki a gidansa. Can ya ci gaba da naɗa wa mutanen ƙauye a gindin bishiya.

Na iso Zabarmari ran Larabar da La'asar, rabin hanya ni na ɗauki keken saboda laka. Na yi gaisuwa, aka nuna mini kabarin, na yi addu'a. Sannan na shiga zaure. Bukar yana zaune a tabarma, gemu ya yi fari, ƙafar hagu a miƙe kamar taɓarya, ta dama a kan matashi.

Ya ce, "Ka tsufa, Afuno."

Na ce, "Kai ma ba a rage maka ba."

"Ka wanke hannun nan kuwa?"

"Na wanke."

"Sake wankewa."

Na sake. Ya Kaltume ta kawo daro da ruwa. Na ɗaga ƙafar na aza a cinyata, sai na ga ɗaurin. Ba Kyari yana da wani ƙulli nasa da yake yi wa bandeji, irin na masu raƙuma, ja ɗaya yake kwancewa. Ya yi shi ran Talata da safe. Na riƙe bakin tsumman, na daɗe ban ja ba. Bukar ya juya kai yana kallon bango, ya ce wa matarsa ta duba ko awaki sun shiga rumbu. Da ta fita na kwance.

Aikin tsohon yana nan tsaf, naɗi a jere, ba wanda ya hau wani. Ranar juyi biyu na samu. Na ji ja da baya, na tsaya.

Bukar ya ce, "Ja mana, ɗan tela."

Na ce, "Alhaji ya ce ya gaji."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban iya yi ba, na sunkuya ina ɗauri.

Kar ku zaci daga nan abin ya zo da sauƙi. Shinkafarsa ta nuna, tsuntsaye sun sauka a kanta, 'ya'yansa duk mata ne suna gidajen aure. Ran kwana na bakwai ya daina wasa. Ya ce, "Malam Habu," kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan, "abincin shekara ne ke tashi sama. Ka ja. In ya tsinke na yafe." Ya Kaltume ta ce akwai wanzami a ƙauyen gaba, ya ce zai yi sakiya da ƙarfe mai zafi ya fitar da shi yini ɗaya. Na ce mata in wanzamin ya shigo ta ƙofa, sai dai ya fara da ni. Bukar kuma na ce masa yafewarsa ba za ta lanƙwasa idon sawu ba.

Na tambaya ina gonar take. Tun daga ranar, in na gama naɗin safe sai in naɗe wando in shiga fadama da igiya da gwangwanaye. Malamin asibiti mai shekara ashirin a aiki, tsaye cikin ruwa har gwiwa yana yi wa tsuntsaye ihu da Hausa. Matan ƙauyen suka ce ai ba sa jin Hausa, suka koya mini ihun da Barbarci. Da mazan suka gaji da dariya sai suka ji kunya, suka haɗa gayya ran Alhamis suka yanke masa ita. Ruwan da na sha a can kuwa sai da na tace shi da tsumma, ku ma ku riƙa gaya wa mutane haka ko sun yi muku dariya.

Bayan gayyar, kwana uku abin ya ƙi motsi. In tsoma, in shafa mai, in murza, ko rabin juyi babu. Gefen idon sawun ya ɗan tasa, ya yi ɗumi. Na san da ɗan ƙarfi kaɗan zai zo, yatsuna sun san daidai ƙarfin. Na zauna a kan hannuwana, ba da wasa nake faɗa ba, a kansu na zauna. Na riƙa gasa wurin, ina ƙara masa lokaci a cikin ruwa. A rana ta huɗu, bayan ya daɗe a daron, na taɓa sillen sai ya juya da kansa kamar an buɗe ƙofa. Juyi uku. Na ɗaga kai in gaya wa Bukar, na tarar ya jingina da bango yana barci, baki a buɗe, ƙafarsa a cinyata, sillen a hannuna. Ya Kaltume ta leƙo ta gani, ta ce ko a hannun Ba Kyari bai taɓa yin barci ba. Na ɗaure a hankali, na zauna haka har ya farka. Da ya farka ya ce sauro ne ya hana shi barci jiya, kar in ɗauka wani abu ne.

To, ga amsar tsinke da zare. Ku duba wutsiya kafin ku bar mutum ya tashi, in ba ku gan ta ba ku faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Tsohuwar nan mai gyambo a ƙauri, kar ku sa mata aidin, yana cin naman, ruwan gishiri ya isa. Ku gaya wa likita ba zan dawo ran Litinin ba kamar yadda na ce.

Yau kwanana goma sha shida a nan. Kumburin ya sauka, idon sawun yana juyawa. Jiya na sami juyi biyu, yau ɗaya. Wutsiyar ba ta fito ba tukuna.